Shagon Intanet da Mai Shi Zai Iya Gyarawa da Hannunsa: Shopify, WooCommerce, Elementor ko Ginin Daga Tushe?

Saura kwana uku ƙaramar Sallah, an sha ruwa ke nan, sai wayata ta yi ƙara. Wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da shadda, wadda na haɗa wa shagon intanet wata huɗu kafin nan.

"Injiniya, don Allah hoton nan na sama har yanzu na farkon azumi ne. Kuma na rage kuɗin shadda tun jiya, amma can tsohon farashi yake nunawa."

"Ranki ya daɗe, ina kan hanya. Da na isa gida zan gyara."

Ban isa gida da wuri ba, da na isa kuma babu wuta. Aikin da bai fi na minti biyu ba sai da ya kwana, a makon da ciniki ya fi tafiya a duk shekara. Hajiya ta iya waya sarai, ita take ɗora kayanta a Instagram, ita take amsa masu saye a WhatsApp. Abin da ya hana ta gyara shagonta shi ne yadda na gina shi: rubutun sanarwar a cikin kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, na binne shi, inda hannunta ba ya kaiwa. Bayan wannan sai na zarce zuwa ɗaya gefen. Wani Alhaji mai turaren wuta da humra na buɗe masa komai, na ce ya taɓa duk abin da ya ga dama. Cikin mako biyu yaron shagonsa ya sa launi biyar a shafin farko, maɓallin saye kuma ya shige ƙarƙashin hoto, mai waya ba ya ganinsa.

Tun daga nan nake kallon jigon shago, wanda 'yan sana'a suke kira tim, kamar aikin kafinta a Kantin Kwari. Kafinta yana kafa kanta da katakon jera kaya, ya auna tsayi da faɗi, ya buga ƙusa. Mai shago kuma kullum yana sauke wannan turmi ya ɗora wancan, ya sauya farashi, ya fito da sabon kaya gaba, ba ya neman kafinta don wannan, kuma ba ya iya ture kantar ko da ya jingina da ita. Idan kai magini ne kana tsakanin hanyoyi huɗu ko biyar, ko kai mai shago ne za ka ba da aiki, ga yadda nake auna su.

Ma'aunan da nake dubawa

Na farko, kuma shi ne uwa uba: me mai shago zai iya taɓawa, me aka kulle? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kafin na rubuta layi ɗaya nakan zauna da mai shago na tambaye shi abin da yake sauyawa a mako. Amsar kusan ɗaya ce ko'ina: hoton sama, sanarwar ragi, kayan da ake so su fito gaba, lambar waya, kuɗin aike zuwa wasu garuruwa. Ban taɓa jin wanda ya ce yana son sauya tazarar da ke tsakanin layuka ba. Hanyar da ta fi kyau ita ce wadda za ta ba ka damar buɗe waɗannan biyar ɗin ka rufe sauran.

Na biyu, idan an ɓata, yaya ake komawa baya? Wanda yake tsoron ɓata abu ba zai taɓa shi ba, zai ci gaba da kiranka.

Na uku kuɗi, kuma ba na ranar farko kaɗai ba. Nawa ne duk wata, kuma da naira za a biya ko da dala? Duk wanda ya ga abin da ya faru daga Yunin 2023, lokacin da aka saki naira dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, ya san wannan tambaya ba ta wasa ba ce.

Sai ƙarko: bayan shekara biyu ko uku, wa zai riƙa sabunta manhajar, wa zai tashi idan shafin ya faɗi? Sai waya, domin da ita mai shago zai yi gyara, da ita masu saye za su shigo, galibi da data ƙidayayya. Na ƙarshe hanyar fita: idan an gaji da wurin, me za a iya ɗauka a tafi da shi?

Shopify: sassa da tubala

Shopify kamfanin Kanada ne da ke ba da hayar shagon intanet, a Ottawa aka kafa shi a 2006, bayan Tobias Lütke da abokansa sun gina wa kansu shagon sayar da allunan sulu a kan ƙanƙara. Da yaren kod mai suna Liquid ake rubuta jigoginsa. Abin da ya shafe mu ya faru ne a Yunin 2021, da suka fitar da Online Store 2.0 tare da jigon Dawn na kyauta. Kafin nan shafin farko kaɗai ake iya jujjuya wa sassa. Daga nan kowane shafi ya samu, har na kaya da na rukunin kaya.

Ga yadda abin yake aiki. Kowane sashe fayil ɗaya ne, a ƙasansa akwai wani ɗan jadawali da ake kira schema, inda kai magini kake lissafa abin da mai shago zai gani a allon gyara: wurin zaɓen hoto, akwatin rubutu, jerin zaɓi, wurin ɗauko rukunin kaya. Abin da ba ka lissafa ba, babu shi a wurinsa. Wannan shi ne ƙarfin Shopify a wannan magana, kullewa ita ce asali, buɗewa kuma sai da niyyarka. Idan ka ce launin bango zaɓi uku ne, uku zai gani. Idan ka ce sashen shaidar masu saye kada ya wuce tubali huɗu, wato ƙananan gutattsarin da ake jerawa a cikin sashe, da ya kai huɗu maɓallin ƙari zai daina aiki. Dandalin da kansa ya yi iyaka: sashe 25 a shafi, tubali 50 a sashe.

Akwai wani abu da nake yi wanda ban ga mutane da yawa suna yi ba. Sunayen da ke cikin wannan jadawali kai kake rubuta su, babu wanda ya ce dole da Turanci. A shagon Hajiya na biyu da na sake ginawa, akwatin farko sunansa "Hoton sama", a ƙarƙashinsa an rubuta "a ɗauka a kwance, kada a rubuta farashi a jikin hoton". Na biyu "Sanarwar wannan makon". Ranar da na miƙa mata, ta karanta da ƙarfi, ta sauya sanarwar a gabana da wayarta, ta danna ajiye, sannan ta ce wa 'yarta ta buɗe a tata wayar ta gani. Ta yi dariya ta ce, "Ashe dama iyakar abin ke nan?"

Bayanan kaya na musamman, irin su yadi nawa ne a turmi, ko auduga ce zalla, ko yadda ake wanki, suna da wurinsu da ake kira metafields. Kana ƙirƙirar gurbin sau ɗaya, ka haɗa shi da jigon, daga nan mai shago yana cike shi a shafin kayan kamar yana cike fom.

Komawa baya yana da sauƙi amma sai an koya wa mutum ɗabi'a ɗaya: kafin babban gyara, a kwafi jigon, a yi aiki a kan kwafin, idan ya yi kyau a wallafa. Idan ka haɗa jigon da GitHub, wato ma'ajiyar kod ta intanet, duk abin da mai shago ya ajiye a allon gyara yana shiga can a matsayin tarihi, kana iya ganin ranar da aka taɓa da abin da aka taɓa. Hotuna ma dandalin yana rage nauyinsu da kansa idan ka rubuta jigon daidai, don haka hoton waya mai nauyi ba zai cinye datar mai saye ba. Sabar, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, da tsaro da sabuntawa, duk ba a wuyanka suke ba. Ta fuskar ƙarko babu wanda ya kama ƙafarsa a cikin waɗannan zaɓuɓɓuka.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. A Amurka ƙaramin tsari, Basic, dala 39 ne a wata, ko 29 idan an biya na shekara gaba ɗaya. Farashin yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma haya ce da ba ta ƙarewa. Jigogin sayarwa a kasuwarsu ɗaruruwan dala ne, biya ɗaya. Manhajojin ƙari yawancinsu na wata-wata ne, kuma su ne suke shigowa a hankali har su fi kuɗin hayar. Sannan ga wanda ya fi ci mini rai: Shopify Payments, wato hanyar karɓar kuɗi ta kamfanin, ba ta aiki a Najeriya ko Nijar ko Ghana, kuma duk wanda ya yi amfani da wata hanyar, kamar Paystack ko Flutterwave, ana cire masa kashi 2 cikin 100 a tsarin Basic, ban da abin da ita hanyar take cira. Ɗauki cinikin naira 30,000. Paystack na cire kashi 1.5 da naira 100, wato 550. Shopify na ƙara 600. Shagon da yake cinikin naira miliyan biyu a wata ta kati, dubu arba'in ke tafiya a wannan kashi biyun kaɗai. Sauƙin da ke ciki shi ne ba a cire wannan kaso a kan biya ta tiransifa kai tsaye ko biya idan kaya sun iso, kuma mutanenmu da yawa dama haka suka fi so.

Abu biyu kuma a sani tun wuri. Shafin biyan kuɗi ba na jigo ba ne, launi da tambari kawai za ka sauya, sai fa manyan kamfanoni masu tsarin Plus na sama da dala dubu biyu a wata. Kuma ranar tashi, jerin kaya da na masu saye za ka iya fitarwa, amma jigon da aka rubuta da Liquid ba ya aiki a wani wuri.

WooCommerce da jigon tubala

WooCommerce ƙari ne, wato fulogin, da ake ɗorawa a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, don ya zama shago. Kamfanin WooThemes, wanda biyu daga cikin mutum ukun da suka kafa shi 'yan Afirka ta Kudu ne, ya fitar da shi a 2011, kamfanin Automattic ya saye shi a 2015. Kyauta ne, kuma babu mai cire maka kaso a ciniki sai hanyar biyan da ka zaɓa. Masauki, wato hayar sabar da shafin zai zauna, da sunan shafi kawai za ka biya, kuma akwai kamfanonin gida da ke karɓar naira, har da suna mai ƙarewa da .com.ng. Ga mai shagon da ribarsa siririya ce, wannan babban abu ne.

Tsarin tubala ya shigo WordPress a Disambar 2018, amma sai a Janairun 2022, da fitowa ta 5.9, aka iya gyara dukan shafi da shi, daga kai har ƙafa. A nan al'amarin kishiyar Shopify ne: komai a buɗe yake zuwa, kai za ka bi kana rufewa. Kayan rufewar suna nan kuma suna aiki. A fayil ɗin theme.json kana jera launukan shagon ka hana ƙirƙirar sabo, ka ƙayyade girman rubutu zuwa uku ko huɗu, ka kashe zaɓen tazara. Kana iya kulle tubali kada a goge shi ko a matsar da shi. Daga fitowa ta 6.1 a ƙarshen 2022 kuma aka samu kullewar da ake kira contentOnly, wadda take barin mutum ya sauya rubutu da hoto kawai, tsarin ya tsaya yadda ka bar shi. Wannan ita ce kantar kafinta da na faɗa. Sai dai dole ka ƙara wasu 'yan layukan kod da za su hana mai shago cire makullin da kansa, in ba haka ba ka kulle ƙofa ka bar mabuɗin a jiki.

Akwai wani tarko da duk magini ya kamata ya sani kafin ya faɗa ciki. Idan mai shago ya gyara tsarin wani shafi a allon gyara ya ajiye, gyaran ba ya shiga fayilolin jigonka, rumbun bayanai yake tafiya, inda WordPress ke ajiye abubuwan da aka shigar a shafi, kuma daga ranar na rumbun ne yake da iko. Wata shida bayan haka ka gyara wani kuskure a fayil ka ɗora, ka duba shafin, babu abin da ya sauya. Ba kod ɗinka ne ya ƙi ba, kwafin mai shago ne ya rufe naka. Maganinsa ko dai ka hana shi shiga tsarin shafuka gaba ɗaya ka bar masa shafin farko da kaya, ko ka riƙa dawo da gyare-gyarensa cikin fayil da fulogin ɗin Create Block Theme. Ni na farkon nake bi.

Komawa baya yana da kyau a nan, domin WordPress na ajiye tarihin gyaran shafi, mutum ya zaɓi na jiya ya dawo da shi. Gyara da waya kuwa yana yiwuwa amma da matsi. Ƙara kaya da duba oda suna tafiya lafiya a manhajar waya ta WooCommerce, jujjuya shafin farko ya fi son kwamfuta. Tun Nuwamban 2023 kwando da wurin biya na tubala ne suke zuwa da sabon shago, don haka duk fulogin ɗin biya ko na aike da za ka sa, ka gwada shi da ciniki na gaske kafin ka miƙa aiki, wasu tsofaffin ba su jitu da sabon tsarin ba.

Haɗarinsa a kulawa yake. WordPress, WooCommerce, jigo, kowane fulogin, da PHP na sabar, wato yaren kod ɗin da WordPress ke aiki da shi, kowanne da lokacin sabuntawarsa, kuma mafi yawan ɓarakar tsaro da ake samu a WordPress ta fulogin take shigowa. Shagon da aka bari shekara ba a taɓa ba, ko ya lalace ko a shige shi. Kuma ina roƙon 'yan'uwa magina da babbar murya: ku bar sa wa mutane fulogin ɗin sata da ake rabawa a guruf-guruf. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya fasa manhajar ya raba kyauta yakan bar wa kansa ƙofar baya, kuma sunaye da adireshin masu sayen mutum ne a ciki. Idan za ka ba da WooCommerce, ka haɗa da yarjejeniyar kulawa ta wata-wata a rubuce, da kwafin ajiya da ake ɗauka kullum ana ajiyewa a wani wuri daban da sabar.

WooCommerce da Elementor

Wannan ita ce hanyar da mafi yawan masu koyo suke farawa da ita, kuma na fahimci dalili. Elementor, fulogin ɗin tsara shafi da ya fito a 2016, jawo-ka-ajiye ne, kana gani yana fitowa, cikin kwana biyu ka fitar da shago mai kyau ba ka rubuta kod ba. Sashen gina shafukan kaya yana cikin na kuɗi, ana biya duk shekara da dala.

Sauƙin nan na magini ne, ba lallai na mai shago ba. Allon gyaransa yana da ɗaruruwan maɓallai, kowane abu da saitinsa na kwamfuta, na kwamfutar hannu da na waya daban-daban, kuma mutum zai iya gyara ɗaya ya ɓata ɗaya bai sani ba. Na kuɗin yana da wani saiti da ke taƙaita wasu masu shiga ga gyaran rubutu da hoto kawai. Idan za ka bi wannan hanya, kunna shi wajibi ne, kuma kada ka ba mai shago asusun shugaba, wato mai cikakken iko, don aikin yau da kullum. Shafukansa sukan fi nauyi, musamman idan an tara masa wasu fulogin na ado. Ranar da aka cire shi kuma rubutu ne zai rage, tsarin ya tafi, sai an sake gini.

Tsohuwar hanya: jigo na hannu da ACF

Ba na son a manta da wannan, ko da ba a yayinta. Ka rubuta jigon da PHP, ka ƙirƙiri guraben cikewa da fulogin ɗin Advanced Custom Fields (ACF): hoton sama, sanarwa, kaya shida na gaba. Mai shago fom yake gani, babu ja babu ajiyewa, babu abin da zai iya karyawa. Ga wanda yake fargabar kwamfuta babu kamarta, kuma shafin yana fitowa sakayau. ACF na kuɗi dala 49 ne a shekara ga shafi ɗaya. Rauninta shi ne ba ya ganin sakamako sai ya ajiye ya leƙa, kuma duk sabon sashe sai an dawo wurinka. A tuna kuma da rikicin Oktoban 2024 tsakanin Matt Mullenweg, shugaban Automattic, da kamfanin WP Engine mai ACF, inda aka karɓe gurbin ACF na kyauta a ma'ajiyar fulogin ta WordPress aka maye shi da Secure Custom Fields. Shafuka ba su faɗi ba, amma magina sun kwana suna duba daga ina sabuntawarsu za ta riƙa zuwa.

Raba fuska da injin

Ita ce hanyar da ake gina fuskar shagon daban, da Hydrogen na Shopify ko Next.js, injin ciniki kuma yana baya. Tana ba da sauri da 'yancin zane, amma allon gyaran jigo ba ya aiki a nan sam. Sai ka ɗauko wani wurin rubutu kamar Sanity ko Contentful ka gina wa mai shago nasa allon daga tushe. Ya zama wuri biyu zai riƙa shiga, kuɗin gini ya ninka, wanda zai iya karɓar aikin bayanka kuma ba shi da yawa. Ga kamfani mai maginansa na dindindin tana da amfani. Ga shagon mutum ɗaya da yaransa biyu, ban ga dalili ba.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi ga mai shago | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Shopify | Haya duk wata da dala, da kashi 2 a Basic | Mafi sauƙi, har a waya | Kamfani ke kulawa | Tashin dala. Jigo ba ya ƙaura |
| WooCommerce da tubala | Masauki kawai, ana iya biya da naira | Mai kyau idan an kulle | Sai da mai kulawa | Sakaci da sabuntawa |
| WooCommerce da Elementor | Masauki da lasisin shekara | Maɓallai sun yi yawa | Matsakaici | Ɓata tsari, nauyi |
| Jigo na hannu da ACF | Masauki, dala 49 a shekara, aikin magini | Fom ne, ba ya karyewa | Mai kyau, da kulawa | Dogaro da magini |
| Raba fuska da injin | Mafi tsada | Ya danganta da ginin | Sai da ƙwararru | Rasa mai gyara |

Kafin na rarraba, ga wani ƙaramin abu da ya shafe mu kai tsaye, ko wace hanya ka bi. Ba kowane salon harufa ne yake ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan ka bar wa mai shago zaɓen salo a buɗe, wata rana zai ɗauko mai kyau a ido, ya rubuta "ƙaramin turmi", harafin farko ya fito da wata siffa daban ko ya zama akwati. Ka zaɓi salo ɗaya ko biyu da ka gwada, irin su Noto Sans, ka rufe sauran. Ka gwada alamar naira ma, ita ma tana ɓacewa a wasu.

Wa ya dace da wanne

Mai shagon da yake sayarwa ƙasashen waje, ko yake da cinikin da hayar dala ba za ta girgiza shi ba, kuma ba ya son ya ji maganar sabar ko sabuntawa har abada, Shopify ne nasa. Ka ɗauki Dawn ka gina a kansa, ka rage saitukan, ka rubuta sunayensu da harshen da yake karantawa. Haka ma idan kai magini ka san ba za ka samu lokacin kulawa ba, ko kana shirin tafiya karatu ko hidimar ƙasa: ka bar mutum a inda shagonsa zai ci gaba da tsayuwa ba tare da kai ba. Ka yi masa lissafin kashi biyun nan a takarda tun kafin ya amince, kuma ka sanar da shi cewa tsarin Basic bai zo da ƙarin asusun ma'aikata ba, idan yana da yaran shago da za su riƙa shiga.

Mai ciniki a cikin gida, mai ribar da ake ƙirgawa da ɗari-ɗari, ko mai buƙatar abin da ba a saba ba, kamar farashin sari daban da na ɗai-ɗai ko kuɗin aike da ya bambanta tsakanin tashar mota da kai wa gida, WooCommerce da jigon tubala a kulle ya fi masa, da sharaɗin akwai wanda ake biya ya kula. Idan ya ce ba zai biya kuɗin kulawa ba, ni ba na karɓar aikin a kan wannan hanya.

Dattijo ko dattijuwar da abu biyar kawai take son sauyawa, kuma ta fi son a nuna mata akwati a ce rubuta nan, ACF. Shagon da yake da matashi mai ido a kan zane wanda zai riƙa fitar da shafin talla duk Sallah da duk komawa makaranta, Elementor zai yi masa, shi a ba shi cikakken iko, sauran a taƙaita su. Raba fuska da injin kuwa a bar wa kamfanin da yake da magina a ofis.

Ko wacce ka zaɓa, sunan shafi da asusun biya su kasance da sunan mai shago da imel ɗinsa, kai ka shiga a matsayin mai taimako. Ranar miƙa aiki ka ajiye kwamfutarka, ka ce ya ɗauko wayarsa ya sauya hoton sama, ya rage farashin kaya ɗaya, ya ɓoye wanda ya ƙare, kana zaune ba ka taɓa ba. Duk inda ya tsaya yana neman maɓalli, rubuta wurin, ka koma ka gyara sunan ko ka cire abin da ya ruɗe shi, sannan ka ɗauki ɗan bidiyon allo na minti uku da muryarka ka tura masa ta WhatsApp.